Nassirou Sai-Ta-Kwana

A Agege in ka ce kana neman Nassirou, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai shayi, akwai mai canji, akwai ma wani mai yankan farce da ke zagaya Zango. Amma ka ce Sai-Ta-Kwana, ko Bayarabiyar da ke tallan burodi a bakin titin jirgi za ta turo baki ta nuna maka garejinsa. Garejin ma dai suna ne kawai: rumfar kwano ce da tsatsa ta gama da ita, sai benci, sai ramin da yake shiga ya leƙa ƙarƙashin mota. Shi kuwa dogo ne, baƙi, mutumin wani ƙauye a bayan Tasawa ta ƙasar Nijar, kuma duk daɗewarsa a Legas bakinsa bai daina ce wa mota mato ba.

Taurin kansa ne ya jawo masa sunan. Ka kawo masa mota da rana tsaka, kana gumi, kana cewa tana rawa in ka tsaya, tana shan fetur, ba ta da ƙarfi a hawan gada, ba zai ko taɓa sufana ba. Zai ɗaga bonet, ya ɗora tafin hannu a kan injin, in ya ji ɗumi sai ya ce, “Aje makulli, sai ta kwana.” Ka yi faɗa, ka yi magiya, ka ce kai ɗan wane ne, duk ɗaya ne a wurinsa. Masu haƙuri su bari, marasa haƙuri su zage shi da Yarbanci, shi ma ya rama musu da Yarbancin, don a nan ya koyo, kuma zagin ya fara iyawa.

Ba iskanci ba ne, yana da dalilinsa. Injinan yanzu, waɗanda kanikawa ke kira bibiti, ba kamar na da ba ne da bawul ke buɗewa da rufewa a ƙa'ida ɗaya, ko ana gudu ko ana tsaye. Waɗannan suna matsar da lokacin, su gaggauta ko su jinkirta gwargwadon yadda direba ya taka, kuma baƙin mai ne ke yin aikin. Man yana bi ta wata 'yar rariya, ya ratsa wani ɗan famfo mai aiki da lantarki da ake ce wa solonoi, ya shiga cikin giyar da ke bakin sandar da ke danna bawul, ya juya ta kaɗan. In aka kashe mota, wata 'yar ƙusa a cikin giyar sai ta faɗa raminta ta kulle. To, in mai mota ya yi ta wasa da juyen mai, ko ya yi ta ɗura mai mai kauri na bakin titi, rariyar ta toshe, ƙusar ta cinye, giyar ta fara lilo. Da safe, kafin mai ya hau sama, ana murɗa makulli za ka ji karrr, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kafin ka ce me ta yi shiru. Daga nan ba za ta sake ba duk yinin ranar, sai ka rantse sabuwa ce. Wannan 'yar ƙarar ta tashin farko ita Nassirou yake jira.

Bai gina gida ba, bai je Makka ba, ko babur bai taɓa saya ba. Abu ɗaya ya mallaka a Legas: in ya ce mota lafiya take, to lafiya take. Duk ɗan Arewa ko ɗan Nijar da ya tara gumin shekaru zai sayi tokumbo, wato motar hannu, sai ya zo ya ɗauke shi, shi kuma ya sa mai mota ya kwanar da ita. Dillalai sun tsane shi kamar me. Shi kuwa daɗi yake ji, har yana cika baki a wurin mai shayi cewa ba a haifi mutumin da zai sa shi ya yi shaidar zur a kan injin ba. Ashe an haife shi, a gidansa ma ya fara kwana.

Lokacin da Nassirou ya sauka a Agege, saurayi ne da buhu a kafaɗa, bai san kowa ba. A zauren Alhaji Jumare ya kwana, kamar yadda baƙi ke yi. Alhaji Jumare haifaffen Agege ne, dillalin shanu a da, daga baya ya koma dillancin motoci, in yana Yarbanci ba ka cewa Bahaushe ne. Shi ya ga yaron yana tura kurar ruwa ya ce wannan ba sana'a ba ce. Ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon bakanike Bayarabe, ya tsaya masa. Da ya gama koyo, a filin Alhaji aka kafa masa rumfa. Ranar da aka ɗaura aurensa da Ramatou, Alhaji ne ya karɓa masa. Da aka haifi 'yarsu Rahma, shi ya yi mata huɗuba. Nassirou bai taɓa zama a kujera a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, kuma duk Juma'a sai ya je ƙofar gidansa ya durƙusa ya gaishe shi. Shi ma Alhajin, da yake ya san halin yaronsa, bai taɓa kiransa duba motar da yake sayarwa ba. Kowa ya tsaya a inda yake, aka yi shekaru lafiya.

Sai ga maganar Amadou, ƙanin Ramatou, uwa ɗaya uba ɗaya. Gadi yake yi a wani gida a Ikorodu tun gashin bakinsa bai fito ba, yana buɗe ƙofa yana rufewa, yana wanke motocin oga, har ya koyi tuƙi a tsakar gidan. Ba ya shan taba, ba ya cin nama sai an ba shi, duk abin da ya samu ajiyewa yake yi. Burinsa ɗaya ne: ya sayi 'yar mota ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Ikorodu da Oshodi, ya kama ɗaki, ya ɗauko matarsa daga ƙauye. Da wasan ƙanin mata a tsakaninsu, in ya zo Agege ba a jin komai sai dariya. Nassirou ya ce masa sarkin ƙofa, shi kuma ya ce, “Yaya, ranar da na sayi mato, kai za ka riƙa wanke mini.”

Ranar ta zo. Amadou ya iso da murna, ya ce ya ga wadda ta yi masa, fara, jikinta kamar ba a taɓa hawa ba, kuma a ina? A ƙofar Baba Alhaji. Ya ce har ya gaya wa ogansa ya nemi wani maigadin. Nassirou ya ce wa kansa haba, Alhaji ai ba zai cuci na gida ba.

Washegari bayan an fito masallaci suka tafi. Dattawan unguwa suna zaune a tabarma a ƙofar gida, ana shan koko, motar tana gefe a ƙarƙashin bishiya. Nassirou ya cire takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa. Alhaji ya yi murmushi, ya zaro makulli daga aljihu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Sai-Ta-Kwana, na san halinka, shi ya sa na hutar da kai. Tun jiya da la'asar makullin nan yake aljihuna, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ga ta nan, ta kwana.”

Dattawa suka yi dariya. Nassirou ya ɗaga bonet ya ɗora tafin hannu. Ɗumi! Ba ɗumin rana ba, don rana ba ta ma leƙo ba. Injin da aka tasa ne aka bari ya yi zafi, aka kashe kafin a tafi masallaci. Ya janye hannun da sauri ya goge a wando. Ya shiga ciki ya murɗa makulli rabi, fitilun gaban direba duk suka kama, ban da 'yar rawayar nan mai hoton injin, wadda ita ce ke tona asiri in da matsala. Ya ƙarasa murɗawa, mota ta tashi sumul, ba ko tari.

Amadou ya leƙo ta taga, bakinsa har kunne. “Yaya, mi ka gani?”

Kalma uku ce fa, sai ta kwana, wadda yake faɗa wa kowa kullum, wadda ya faɗa wa soja, ya faɗa wa lauya, ya faɗa wa 'yan tasha masu jajayen ido. Amma faɗinta a nan daidai yake da ya miƙe a gaban dattawa ya ce wa mutumin da ya ɗaura masa aure, ƙarya kake yi. Ya saci kallon Alhaji, ya ga yana jan carbi yana kallon wani wuri. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya sa alheri.”

Tir! Ai da ya yi shiru ma da ya fi. Amadou ya ɗauka shaida ce, dattawa ma haka. Nan take aka yi ciniki, Alhaji ya ce ya sallama, aka shafa fatiha. Kowa kuwa ya san abin da aka sallama a gaban dattawa aka shafa masa fatiha ba ya komawa.

Amadou a gidan yayarsa ya kwana, ya aje motar daf da tagarsu. Da safe Nassirou yana tsugune yana wanke fuska, sai ya ji an murɗa makulli. Karrr. Butar ta kusa suɓuce masa. Amadou ya ƙwala kira, “Yaya, ƙarar mi ce wannan?” Ya ce, “Sanyi ne, ba komai.” Sanyi, a Legas! Ramatou tana bakin murhu, ta ɗago ta dube shi, don ta yi shekaru tana jin yana kwaikwayon wannan ƙarar a tsakar gida in yana ba da labarin wawayen da aka cuta. Shi kuwa bai yarda sun haɗa ido ba.

Ba a daɗe ba motar ta fara nuna halinta. In an tsaya a cunkoso sai ta kama rawa, a hawan gadar Agege danfo, tsohuwar bas ɗin haya mai hayaƙi, ma sai ta wuce ta, fetur kuwa kamar ana zubarwa. Amadou ya kawo ta gareji, ta kwana, Nassirou ya bi ta dalla-dalla yadda ya saba, yana addu'ar a ce abin ƙarami ne. Ya zaro sandar awon mai, ya ga man ya yi kauri yana danƙo, irin wanda ake ɗurawa don a toshe bakin injin. Ya jona kwamfuta, ta nuna ana ba giyar umarni ta matsa amma ba ta bi. Ya kwance gaban direba, ya tarar an liƙe 'yar fitilar da baƙin salatif. Ya ciro solonoi ya ɗana masa batir, da ƙyar ya motsa. Har nan da sauran fata, don solonoi ana sayensa. Sai ya zaro rariyar, ya ɗaga ta a rana, ya ga wani la'ananne ya huda ta da ƙusa don mai ya wuce, duk dattin da ya kamata ta tare ya bi ya shiga giya. Ya buɗe murfin sama, ciki baƙi ƙirin, datti ya daskare, mazaunin sandar bawul duk ya karce. Da ya auna ƙarfin mai bayan ta yi zafi, allurar ko rabin inda ya kamata ba ta kai ba. Ya zauna a bakin rami ya riƙe kai. Ba solonoi ba ne, ba giya kaɗai ba ce, injin ne ya gama yawo, kuma Amadou ba shi da abin sayen wani.

Ya yi iya yinsa, a ba shi wannan. Ya wanke cikin injin, ya je kasuwar kayan gyara ta Ladipo ya samo solonoi da giya da rariya daga aljihunsa, ya zuba mai marar kauri. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta koma. Wata rana ta mutu a tsakiyar titin Ikorodu da fasinja a ciki, suka fito suna zagin Amadou, wata mata har da jan rigarsa.

A ranar ne Nassirou ya yi ta maza ya je wurin Alhaji. Ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya ce, “Baba Alhaji, maton yaron nan ce, tana ɗan ba da wahala.” Alhaji bai ko daina jan carbi ba. Ya ce, “Ikon Allah. Ni me na sani a injin? Ai kai ka duba, a gaban mutane ka sa hannunka. In ma da laifi, sai dai a ce Sai-Ta-Kwana ya fara tsufa.” Ya sa aka kawo masa abinci. Wallahi Nassirou ya ci, ya kuma yi godiya, ya taso yana jin kamar ya shaƙe kansa.

Wasa ya mutu tsakaninsa da Amadou. Yaron ya rame, ya daina zuwa cin tuwon yayarsa, maganar ɗauko mata kuwa ba mai tayar da ita. Wata la'asar ya zo gareji ya tsaya a bakin rumfa, bai zauna a benci ba.

“Yaya, na samu mai saye. Wani mai dako ne a Mile 2, Ɗanliti. Ya ce ba ya biya sai kai ka gani. Gobe da safe zai zo nan.”

Nassirou ya ce, “Amadou, ka san halin da maton nan take ciki.”

“Na sani. Zan tashe ta kafin ya iso, ta yi ɗumi. Na maida salatif ɗin ma. Kai dai ka tsaya ka ce Allah ya sa alheri, kamar yadda ka yi mini.”

Nassirou ya buɗe baki, Amadou ya tare shi.

“Na ga sa'ad da ka aza hannu ka janye, Yaya. Ban gane ba a ranar, sai daga baya. Ban ce ka biya ni ba, ban kai ka ƙara gida ba, ko Ramatou ban gaya wa ba. Abin da ka yi wa Baba Alhaji shi nike roƙo ka yi mini. Ko ni ban kai ba?”

Ya juya ya tafi. Nassirou ya yini bai iya ɗaura ko noti ɗaya daidai ba. Gaskiyar yaron ce ta fi ci masa rai: shi ya jefa shi ramin, kuma ga igiya ɗaya tak da yaron ya gani.

Da safe ya tarar da su a gareji. Ɗanliti ba yaro ba ne, magidanci ne mai furfura a gemu, wuyansa ya kanta saboda ɗaukar kaya, ya sa wankakkiyar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya miƙo hannu biyu ya gaishe da Nassirou, ya ce, “Malam, ni ban san komai a mota ba sai tuƙi. An ce mini in kai ka gani, in rufe ido in biya. Ƙarfina ya fara ƙarewa, ita nake so ta riƙe ni da yara.”

Amadou ya miƙo makulli, ya dubi Nassirou ido cikin ido, ya ce, “Tun jiya ba wanda ya taɓa ta. Ta kwana.”

Nassirou ya ɗaga bonet ya ɗora hannu. Ɗumin nan dai, irin na rannan. Wannan karon bai janye ba, ya bar hannun a wurin har ya fara jin zafi. Ya dubi ƙanin matarsa, ya dubi wuyan Ɗanliti. Maganar ta fito da kanta, da sauƙi, yadda take fitowa kullum.

“Aje makulli, sai ta kwana.”

Ɗanliti ba wawa ba ne. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce to Allah ya kai mu, ya yi sallama ya kama hanyar tasha, kuma kowa a wurin ya san ba zai dawo ba. Kafin azahar labari zai zaga Zango, ba kuma wanda zai ƙara taya farar motar nan.

Amadou ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ajiye makullin a kan benci a hankali.

“Ashe bakinka yana buɗuwa, Yaya,” ya ce. “Ashe duba mutum kake yi tukuna.”

Nassirou ya sauke bonet ya rufe.

Motar tana nan a gefen rumfa har yau, tayoyi sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Amadou ya sami wata ƙofar a Ikorodu yana buɗewa yana rufewa, matarsa tana ƙauye, ko da salla ba ya zuwa Agege. Ramatou tana dafa wa mijinta abinci, tana amsa masa in ya yi magana, iyakarta ke nan. Sunan Sai-Ta-Kwana kuwa sai ma ƙaruwa da ya yi, ana ta yaɗawa a wurin mai shayi cewa mutumin nan ko ƙanin matarsa bai rufa wa asiri ba, kai, wannan akwai gaskiya! In ya ji ana faɗa sai ya bar shayin ya tashi. Ranar Juma'a kuma ya wanke hannu da kananzir, ya sa farar riga, ya je ƙofar Alhaji Jumare ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi.